Hannuwan da Suka Riƙe Yaron da Ya Firgita

A Basirka, da sauran garuruwan ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, iyaye sun daɗe da sanin wani ciwo da ba ya zuwa da zazzaɓi kuma ba ya barin tabo. Yarinya 'yar shekara 14 tana tsince shinkafa ko tana zaune a aji, sai gabanta ya yanke ya faɗi, zuciya ta shiga dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, hannu ya ɗau rawa. Ta rantse mutuwa ce ta zo. Kafin a samo mai babur abin ya lafa, ya bar ta da gajiya da fargabar dawowarsa. Yana kama samari ma, sai dai su sun fi iya ɓoyewa.

A da, hannun farko da yaron yake faɗawa na kaka ne. Za ta jawo shi jikinta, ta karanta Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu, ta tofa a tafin hannu ta shafe shi daga kai har ƙafa, sannan tambayoyi su biyo baya. Ina ka bi da almuru? Ka ratsa gindin tsamiya? Kin zubar da ruwan zafi ba bisimilla? Idan a barci ne abin ya danne shi, a ce dannau ne. Idan da rana tsaka ne, a ce ya yi gamo. Daren ranar ba zai kwana shi kaɗai ba.

In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai zauren malam. Malam ya fere alƙalami, ya tsoma a tawadar da aka dama da ƙaro, ya cika allo da ayoyi ciki da bai, wani lokaci aya guda a maimaita ta har allon ya ƙare. A wanke a ƙwarya, yaro ya sha, ya shafa ragowar a ƙirji. A naɗe masa laya, dukawa su ɗinke ta da fata. Wasu gidajen kuma, musamman a ƙauyuka, 'yan bori suke nema a asirce, a yi girka da garaya da hayaƙi, duk da malamai sun yi ta yaƙar wannan hanya tun zamanin jihadin Shehu Ɗan Fodiyo na 1804.

Malaman Musulunci na farko ba su jingina kowace firgita ga iska ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya ware babi guda kan tsoro da razana a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus. Ya ba da shawarar mutum ya tanadi tunani mai kwantar da hankali tun yana lafiya, don ya same shi kusa ranar da tsoro ya taso, kuma ya riƙa sabawa da abin da ke ba shi tsoro har ya daina razana shi. Likitocin yau da ƙyar za su canza wani abu a wannan shawara.

Boko ya zo da makarantar kwana, kuma ita ce ta raba yaro da kakarsa. Birnin Kudu na daga cikin garuruwan da suka fara ganin haka, domin tsohuwar kwalejinta ta gwamnati ta tara yara daga ko'ina a tsohon lardin Kano. Yaron da bai taɓa kwana a wajen gidansu ba ya wayi gari cikin ɗaki mai gadaje jere, ga manyan ɗalibai, ga Turanci, ga jarrabawar da dangi duka suka zuba wa ido. A 1960 wani likita ɗan Kanada, Raymond Prince, da ya yi aiki a asibitin Aro na Abekuta, ya rubuta bayanin wani ciwo da ya yi ta gani a jikin ɗaliban kudancin Najeriya: kai ya yi zafi ko a ji kamar tsutsa na yawo a cikinsa, ido ya dushe, karatu ya ƙi zama. Ya kira shi gajiyar ƙwaƙwalwa. Masana da yawa a yau suna ganin damuwa ce ta fito ta jiki. A wannan asibitin dai, tun 1954, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauyen Aro tare da danginsu, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Ya gane cewa raba mai ciwon da mutanensa ƙarin ciwo ne.

Sai 1995, shekara huɗu bayan an cire Jigawa daga Kano. Ɗaruruwan 'yan mata a makarantun sakandaren Kano suka riƙa faɗuwa, wasu na ihu, wasu ƙafa ta riƙe, wasu na rawa irin ta fina-finan Indiya. Sunan wata aljana, Sumbuka, ya cika gari. Ana cikin haka annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe dubban mutane a Arewa, tsoro ya ƙaru a kan tsoro. A wannan zamanin ne ruƙiyya ta yi ƙarfi: a karanta wa mara lafiya Alƙur'ani a kunne da murya sama, a yi magana da aljanin a umarce shi ya fita, a haɗa da habbatus sauda da man zaitun. Shagunan maganin Musulunci suka bazu har ƙananan garuruwa.

Samuwar aljanu ba abin musu ba ce ga Musulmi, kuma karatun Alƙur'ani waraka ne. Amma an yi ɓarna a inda aka ɗauka cewa duk yarinyar da numfashinta ya sarƙe aljani ne a kanta. Wadda tsoro ne asalin ciwonta, idan aka gaya mata wata halitta na zaune a jikinta, an ƙara wa wutar makamashi. Wasu masu ruƙiyyar har duka suke haɗawa da shi, kuma jikin yarinyar ne ke shan dukan. Bayan an watse, sunan "mai aljanu" ya bi ta har lokacin da manema suka fara zuwa.

Likitanci ma bai yi saurin ganewa ba. Sai a 1980 littafin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka ya ware wannan firgita a matsayin ciwo mai zaman kansa. Bayaninta ba shi da wuya. Jiki ne ke buga ƙararrawar haɗari alhali babu haɗari. Sinadarin adirenalin ya kwarara, zuciya ta ƙara gudu, numfashin sauri ya rage iskar kabon a jini, shi ya sa kai ke juyawa, yatsu da leɓe su yi tsami. Yawanci abin yana kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, sannan ya sauka, kuma shi kansa ba ya kisa. Ana koya wa matashi ya ja numfashi a hankali ya sake shi a hankali, ya daina guje wa aji ko kasuwar da abin ya taɓa kama shi, bayan an duba an tabbatar ba ƙarancin jini ba ne, ba asma ba, ba farfaɗiya ko ciwon zuciya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma damuwa na sahun gaba. Saurayin da ba wanda ya yi wa wannan bayani shi ne sau da yawa yake neman sauƙi a tiramadol ko kodin, maganin tarin da gwamnatin tarayya ta hana a 2018.

Doka ta fi kowa jinkiri. Dokar mahaukata ta Turawan mulki, ta 1916 da aka sabunta a 1958, wadda hankalinta ya fi karkata ga tsare mutum, ita ta yi ta aiki har Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Mutumin Basirka yana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. Asibitin ƙwaƙwalwa na jihar kuwa yana Kazaure, can ɗaya gefen Jigawa, sai an ratsa Wudil da Kano kafin a isa, kuma uba da yawa zai yi ta juya maganar kafin ya yarda maƙwabta su ji ya kai 'yarsa budurwa can.