Yadda motsin ƙasar teku ke shafar bututan mai da aka binne

Bututu mai lanƙwasuwa wani nau'in bututu ne da kamfanoni ke amfani da shi wajen ɗauko ɗanyen mai da iskar gas daga rijiyoyin da ke ƙarƙashin teku. Ba curin ƙarfe ɗaya ba ne. Ana haɗa shi hawa-hawa: roba mai kauri da ke hana yoyo, sai zaruruwan ƙarfe da aka nannaɗe a kanta don jure matsi da ja, sannan wata robar a waje da ke tare ruwan gishiri. Da yake hawan suna iya zamewa a kan juna, bututun yana tanƙwaruwa ba tare da ya karye ba.

A inda ruwa ba shi da zurfi, akan haƙa rami a binne bututu domin kare shi daga jiragen ruwa da komar masunta. Haɗarin ba ƙarami ba ne. A watan Agustan 2012, ƙugiyar wani jirgi ta lalata bututun gas na Afirka ta Yamma a kusa da Lome, bututun ƙarfe mai tsawon kilomita 678 da ya tashi daga Najeriya, kuma Ghana ta shafe watanni tana fama da ƙarancin lantarki.

Sai dai wanda ya binne bututu ya damƙa amanarsa ne ga ƙasa, ita kuwa ƙasar teku ba ta zama wuri ɗaya. Mutanen Kaura Namoda sun san halin gulbin Gagare, kamar yadda na Zurmi suka san Bunsuru: inda aka bar tudun yashi da rani, bayan damina sai a tarar da kwazazzabo. Haka igiyar teku ke kwashe yashin da ke ƙarƙashin bututu, ta bar wani sashensa yana reto babu madogara, ruwa na kaɗa shi dare da rana har zaruruwan ƙarfen su gaji.

Abin da ya fi wannan wuyar ganewa shi ne narkewar ƙasa. Idan manyan igiyoyi suka yi ta danna yashi mai laushi suna saki, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyinsa yakan rasa mafita, sai yashin ya koma kamar kunu. Duk wanda ya taɓa bubbuga ƙafa a jiƙaƙƙen yashin gulbi har ta fara nutsewa ya ga ƙaramin misalinsa. A wannan hali, bututun da ya fi wannan kunun nauyi yakan nutse, wanda bai kai shi ba, musamman mai ɗauke da gas, yakan taso sama. Ga kuma zafi da matsin man da ke gudana a ciki, waɗanda ke sa bututu neman miƙewa. Ƙasa ta riƙe shi ta kowane gefe, don haka yakan tunkuɗa sama a inda rufin ya fi rauni, ya yi doro. A nan lanƙwasuwar tasa takan zama illa, domin bututu mai laushi ya fi saurin yin doro, kuma idan ya wuce iyakar tanƙwarar da aka ƙera shi a kai, hawansa na iya buɗewa.

Zaftarewar ƙasa kuwa ba ta barin komai. A watan Satumban 2004, guguwar Ivan ta tayar da laka a gaɓar Luwiziyana ta Amurka, ta kifar da dandamalin haƙar mai na kamfanin Taylor Energy, mai ya yi ta tsiyaya fiye da shekara goma. A watan Janairun 2020, lakar da ta gangaro daga bakin kogin Kongo ta yi tafiyar sama da kilomita 1,000 a ƙasan teku, ta tsinke wayoyin intanet biyu.

Shi ya sa kafin a shimfiɗa bututu injiniyoyi kan ɗebo samfurin ƙasa, su zana taswirar ramuka da gangare, su kauce wa hanyar laka. Inda rufi ya yi rauni, akan zuba tsakuwa ko a ɗora katifun kankare, sannan a riƙa tura na'urori masu kyamara suna bin layin lokaci-lokaci don gano inda yashi ya janye.