Sunan "Allah": Asalinsa, masu amfani da shi, da inda saɓanin yake

Allah shi ne sunan da Musulmi ke kiran Mahalicci da shi. Akwai kuskuren fahimta guda biyu da suka yaɗu game da wannan suna: na farko cewa Musulmi kaɗai ke da shi, na biyu kuma da'awar wasu marubuta a Amurka cewa sunan wani gunki ne mai wakiltar farin wata. Tarihi bai goyi bayan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Asalin kalmar

Larabawa sun san sunan tun kafin zuwan Musulunci, shi ya sa sunan mahaifin Annabi Muhammadu (SAW) Abdullahi, wato bawan Allah. Kalmar tana da 'yan uwa a harsuna masu tushe ɗaya da Larabci: Eloha a Ibrananci da Alaha a Suryananci. Batun farin wata kuwa, aya ta 37 ta Suratu Fussilat ta hana yin sujada ga rana da wata.

Su wa ke amfani da shi?

Kiristocin Masar, Labanan da Iraƙi da wannan suna suke ibada, kuma shi ne a cikin Littafi Mai Tsarki na Larabci. Haka yake a fassarar Hausa, wadda aka buga cikakkiyarta a 1932. Kiristan Zariya da Musulmin Kano duk "Allah ya kiyaye" suke cewa.

Inda aka rabu

Saɓanin yana cikin aƙida. Musulunci ya ginu kan Tauhidi: Allah ɗaya ne, bai haifa ba, ba a haife shi ba. Yawancin Kiristoci ma sun yi imani da Allah ɗaya, amma a matsayin Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Musulmi suna girmama Annabi Isa (AS) a matsayin manzo da Maryamu ta haifa ba tare da uba ba, sai dai ba su yarda cewa ɗan Allah ne ko an gicciye shi ba. Yahudawa sun fi kusa da Musulmi wajen kaɗaita Allah, amma ba su karɓi annabcin Isa ko na Muhammadu ba.

Da siyasa ta shigo

A Malesiya, gwamnati ta hana jaridar Katolika mai suna Herald amfani da kalmar. Wata babbar kotu ta bai wa jaridar gaskiya a ƙarshen 2009, aka kai hare-hare kan majami'u a Janairun 2010, sannan kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013. A wata shari'ar daban, babbar kotu ta yanke a 2021 cewa umarnin hani na 1986 ya saɓa wa tsarin mulki. Sunan da ya jawo waccan taƙaddama, a ƙasar Hausa masallaci da coci sun daɗe suna tarayya a cikinsa.