Hazon Landan na 1952: Kwal, Sabo da Rikicin Ƙidayar Mamata

Tsakure

Maƙalar ta waiwayi hazon hayaƙin da ya rufe birnin Landan daga ranar 5 zuwa 9 ga Disamba, 1952, wanda ƙona kwal ya haddasa. Ta bi diddigin abin da mahukuntan Birtaniya suka sani game da illar wannan hayaƙi kafin aukuwar lamarin, da yadda aka ƙidaya waɗanda suka rasu, da dalilin da ya sa alƙaluman hukuma suka tsaya a kan 4,000 alhali binciken da aka yi daga baya ya kai su kusan 12,000. Hujjar maƙalar ita ce, sanin illar hayaƙin ya girmi dokar hana shi da ƙarnoni, kuma hukuma ba ta motsa ba sai da mutuwar ta taru a mako guda har ta ƙidayu.

1.0 Gabatarwa

Kalmomi biyu na buƙatar fayyacewa tun farko. Kwal baƙin dutse ne da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, irin wanda Turawan mulkin mallaka suka haƙa a Inugu don jiragen ƙasan da suka riƙa kwaso gyaɗa daga Kano. Ya bambanta da gawayin itace, domin yana ɗauke da farar wuta, wadda idan ta ƙone take zama iska mai shaƙe maƙogwaro. Kalma ta biyu ita ce hazo. Hazon da Bahaushe ya sani ƙura ce busasshiya da iskar hunturu ke kwasowa daga hamada. Na Landan jiƙaƙƙe ne, tururin ruwa ne da sanyi ya daskarar dab da ƙasa, hayaƙin birni ya zo ya cakuɗa da shi. A 1905 wani likita mai suna Henry Des Voeux ya yayata wa wannan gauraye suna na musamman a Turanci. A nan za mu kira shi hazon hayaƙi.

2.0 Abin da Aka Daɗe da Sani

Koke a kan hayaƙin kwal ya tsufa a Ingila. Tun farkon ƙarni na 14 Sarki Edward na Ɗaya ya yi shelar hana masu sana'a ƙona shi a Landan, amma shelar ba ta yi ƙarko ba, don itace ya yi ta ƙara tsada. A 1661 John Evelyn ya miƙa wa Sarki Charles na Biyu wani ɗan littafi mai suna Fumifugium, inda ya danganta tari da ciwon ƙirjin da suka addabi mutanen birnin da hayaƙin, ya kuma ba da shawarar a fitar da masu hura manyan wutace zuwa bayan gari. Ba a aiwatar ba. A Disamban 1873 wani hazon ya shaƙe shanun da aka kawo bajekolin dabbobi, yawan mace-macen mutane kuma ya haura na kullum.

An yi dokoki, a 1853 da 1891 da 1926, sai dai dukkansu sun tsaya a bakin ƙofar gida. Sun taɓa bututun masana'anta, sun ƙyale murhun ɗaki. Dalilin kuwa na al'ada ne da siyasa. Ga Baturen Ingila na wancan zamani, buɗaɗɗen murhun da iyali ke kewayewa da daddare shi ne alamar gida da rufin asiri, kuma babu ɗan siyasar da ke son a ce shi ya kashe wa mutane wuta a tsakiyar hunturu. Hazon kansa ya zama abin ado: marubuta sun ƙawata labaransu da shi, mai zanen nan na Faransa, Claude Monet, ya yi ta zana gadojin Kogin Thames a cikinsa. Bahaushe ya ce sabo turken wawa. Abin da mutum ya tashi ya tarar a iskar garinsu, da wuya ya kira shi guba.

Gargaɗi mafi kaifi daga waje ya zo. A Disamban 1930 hazon hayaƙi ya kashe mutum kusan 60 a kwarin Kogin Meuse da ke Beljiyam. Jean Firket, masanin cututtukan da ya jagoranci binciken, ya yi lissafin cewa idan irin wannan ya sauka a Landan, za a iya rasa mutum 3,200. A Oktoban 1948 kuma garin Donora na jihar Pennsylvania a Amurka ya rasa mutum 20 ta wannan hanya. Ke nan kafin 1952 an san sanadi, an ga misali, har an ƙiyasta yawan gawawwakin.

3.0 Kwanaki Biyar

Birtaniya ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu da bashi a wuya. Kwal mai kyau ana sayar da shi waje don samun kuɗin musaya, talakawa kuwa suna ƙona ɓarɓashi mai arha, mai yawan farar wuta da hayaƙi. A cikin birnin da gefensa akwai tashoshin lantarki masu aiki da kwal, irin su Battersea da Bankside da Fulham. A watan Yulin 1952 aka janye taragon lantarki na ƙarshe daga titunan Landan, motocin bas masu shan dizal suka gaje shi. Ƙarshen Nuwamba da farkon Disamba suka zo da tsananin sanyi, kowane gida ya ƙara wuta.

Ranar Juma'a 5 ga Disamba iska ta tsaya cik. A al'ada, iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama ɗumi, shi ya sa hayaƙi ke tashi ya watse. A wannan karon lamarin ya juye: iska mai ɗumi ta zauna a sama, mai sanyi ta kwanta a ƙasa, tamkar an kifa wa tukunya murfi. Duk abin da bututu ya fitar sai ya dawo kan masu shi. Hukumar kula da yanayi ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa a kowace rana cikin kwanakin nan an saki tan 1,000 na baƙin hayaƙi da tan 370 na iskar farar wuta, wadda ta haɗu da danshin hazo ta rikiɗe zuwa tan 800 na asid, irin sinadarin da ke cikin ruwan batirin mota. Wannan mutane suka shaƙa dare da rana har zuwa Talata.

Hazon ya fito rawaya-rawaya mai ratsin baƙi. A unguwar Isle of Dogs an ruwaito cewa mai tafiya ba ya ganin ƙafafunsa. Motocin bas sun daina aiki, motocin ɗaukar marasa lafiya ma sun tsaya, jirgin ƙarƙashin ƙasa ne kawai ya ci gaba. Hayaƙin ya kutsa cikin gine-gine, har aka katse wasa a zauren Sadler's Wells bayan fitowa ta farko, don 'yan kallo ba sa ganin dandamali. A bajekolin dabbobi na Smithfield shanu sun faɗi kamar yadda suka faɗi shekara 79 da suka gabata.

Abin lura shi ne, babu wanda ya firgita. Jaridu sun fi ba da labarin cunkoson motoci da soke wasannin ƙwallo da ɓarayin da suka fake da duhu. Mutuwar ba ta auku a titi ba. Tsoho ne ya kwanta da tari bai tashi ba, jariri ne numfashinsa ya sarƙe, mai ciwon zuciya ne zuciyar ta gaza. Kowane gida ya ɗauka nasa rashin ne shi kaɗai. Masu sayar da akwatin gawa da masu sayar da furanni suna cikin waɗanda suka fara gane girman abin, da kayansu suka ƙare. Unguwannin talakawa na gabashin birnin, inda gidaje suka matsu kusa da masana'antu da bakin kogi, su suka fi jin jiki.

4.0 Rikicin Ƙidaya

A nan ne tarihin ya fi buƙatar a tsaya. Ingila na da tsohon tsari na rajistar mutuwa mako-mako, kuma shi ya tona asiri. A makon da ya ƙare ranar 13 ga Disamba an yi rajistar mutuwar mutum kimanin 4,700 a Landan da kewayenta, alhali a daidai wannan mako na shekarar da ta gabata ba su kai 2,000 ba. Lissafin Firket ya tabbata, har da ƙari.

Sai dai mace-macen ba su koma yadda suke ba bayan hazon ya yaye. Sun ci gaba da zarce na kullum a Janairu da Fabarairu har zuwa Maris na 1953. Tambayar da ta fuskanci Ma'aikatar Lafiya ita ce: a ina za a ja layi? Rahoton da ta fitar a 1954 ya jingina wa hazon mutuwar mutum 3,500 zuwa 4,000, wato na makonnin farko, sauran kuma aka ɗora wa annobar mura. Wannan adadi na 4,000 shi ya zauna a littattafai kusan shekara hamsin.

A 2001 Michelle Bell da Devra Davis suka sake bin alƙaluman, suka samu cewa rarar mace-macen daga Disamban 1952 zuwa Fabarairun 1953 ta kai kusan 12,000. A 2004 su biyun tare da Tony Fletcher suka auna hujjar murar, suka nuna cewa sai mura mai tsananin da ya wuce abin da bayanan shekarar suka nuna ce za ta iya ɗaukar wannan rara. Ba lallai a zargi jami'an 1954 da ƙarya da gangan ba. Ilimin lokacin ya fi karkata ga cewa guba na kisa nan take ko ta ƙyale mutum, ba a gama fahimtar yadda huhun da ya ji rauni a Disamba zai iya kai mai shi kabari a Fabarairu ba. Amma dole a faɗa cewa layin da aka ja ya yi wa gwamnati daɗi. Mura ƙaddara ce da ba a tuhumar kowa a kanta; hayaƙi kuwa yana da bututu, bututun yana da mai shi, kwal ɗin kuma tun 1947 mallakar gwamnati ne.

Ko adadin 12,000 bai rufe lissafin ba. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya gano cewa yaran da hazon ya riska a shekararsu ta farko a duniya sun fi takwarorinsu kamuwa da asma a ƙuruciya. Irin waɗannan ba su shiga kowace rajista ta 1952 ba.

5.0 Doka da Abin da Ya Biyo Baya

Gwamnatin Winston Churchill ta yi jan ƙafa. Harold Macmillan, ministan gidaje da ƙananan hukumomi, ya shaida wa majalisa a farkon 1953 cewa bai ga buƙatar sabuwar doka ba, kuma a wata takarda ta cikin gida ya nuna cewa amfanin kwamiti shi ne a ga kamar ana aiki. 'Yan majalisa irin su Norman Dodds suka hana maganar kwanciya. An kafa kwamiti a ƙarƙashin Sir Hugh Beaver a 1953, kuma rahotonsa na 1954 ya wuce abin da aka zata: ya ce kusan rabin hayaƙin daga gidaje yake fitowa, ya kuma ƙiyasta asarar da gurɓatar iska ke jawo wa ƙasar a kan fam miliyan 250 a shekara. Da Gerald Nabarro ya gabatar da ƙudurin doka na ƙashin kansa, sai gwamnati ta ga tura ta kai bango, ta kawo nata. Dokar Tsabtace Iska ta 1956 ta ba ƙananan hukumomi ikon ware unguwannin da ba a yarda hayaƙi ya tashi ba, aka kuma ɗauke wa magidanta kashi 70 cikin ɗari na kuɗin sauya murhu. A karon farko doka ta shiga ɗaki.

Bai kamata a ba dokar yabon da ya fi ƙarfinta ba. A Disamban 1962 wani hazon ya sake kashe ɗaruruwan mutane a Landan. Abin da ya raba gidaje da kwal na haƙiƙa shi ne samuwar madadi, musamman iskar gas ɗin da aka gano a Tekun Arewa, wadda aka ja zuwa gidaje tsakanin 1967 da 1977. Ita kuwa iskar farar wuta ta tashoshin lantarki, maganin da aka yi mata shi ne dogayen bututu, wanda dokar 1968 ta ƙarfafa. An share ɗaki an zuba sharar a gidan maƙwabci: iska ta kwashi gubar ta tsallaka teku, ta sauko cikin ruwan sama mai asid a tafkunan Norway da Suwidin, kifaye suka yi ta mutuwa. Masanin Suwidin Svante Odén ya ja hankali ga wannan a ƙarshen shekarun 1960, kuma sai a 1979 aka ƙulla yarjejeniyar Janeba kan gurɓatar iska mai ƙetare iyakoki.

Birtaniya ta rufe tasharta ta ƙarshe mai samar da lantarki da kwal, wato Ratcliffe-on-Soar, ranar 30 ga Satumba, 2024. Motoci masu shan man fetur da dizal na cikin manyan abubuwan da ke gurɓata iskar Landan a yau, kuma wannan gurɓata ba ta rufe ido kamar ta 1952. Dubban da suka rasu a wancan hunturu an rubuta musu ciwon huhu ko na zuciya a takardun mutuwarsu. Sai a Disamban 2020, bayan doguwar fafutukar wata uwa, mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke hukuncin cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya yi ajalin 'yarta mai shekara tara, wadda asma ta kashe a kudu maso gabashin Landan a 2013. Wannan ne karo na farko da aka rubuta hakan a takardar mutuwar wani a Birtaniya, shekara 68 bayan hazon.