Tsofaffin tsabar kuɗi a Matameye: yadda ake bambanta na gaske, na jabu da mai kuskuren bugu

Matameye, a jihar Damagaram, na kan hanyar da ta bi ta Daura zuwa Kano, shi ya sa a gidaje da dama ake tarar da tsabar kuɗin Faransa da na Ingila a cikin kayan kaka.

Wanda aka fi ruɗar mutane da shi shi ne liyari, dalar azurfa mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya. Shekarar 1780 da ke jikinsa ba shaidar tsufa ba ce: tun rasuwar sarauniyar, duk wanda aka sake bugawa wannan shekarar yake ɗauke da ita, kuma har yau ana buga shi a Biyana. Na gaske nauyinsa kamar giram 28 ne, kashi 83 cikin ɗari azurfa, da rubutu a kewayen bakinsa. Maganaɗisu ba ya kama shi, kodayake tagulla ma ba ta kamuwa, don haka sikeli ya fi. Wanda aka narka aka zuba a zubi yakan fito da ƙananan ramuka, rubutun baki ya dushe, amonsa kuma ba ya tashi idan an jefa shi a kan siminti. Liyarin da aka huda ko aka liƙa wa kunne don abin wuya azurfarsa na nan, amma masu tara tsofaffin kuɗi sukan rage masa farashi sosai.

Kwabo da anini na Turawan Ingila kuwa da hudarsu aka buga su. Idan hudar ta karkace gefe, bakinta sumul, kuskuren masana'anta ne kuma yana ƙara daraja. Hudar ƙusa tana barin ƙarfe a tashe. Ƙananan haruffa H ko KN alamar masana'antu biyu ne na Birmingham. Na 1936 masu sunan Edward na Takwas, sarkin da ya yi murabus a wannan shekara, an buga su da yawa, kada sunan ya sa a biya su da tsada.

A tsabar sefa, rubutu mai ninki ko zanen da ya kauce daga tsakiya daga wurin bugu ne. Shafewa da lanƙwasa aikin hannu da aljihu ne. Dala hamsin ta 1992, da ƴan kasuwa ke yawan ƙi, ba jabu ba ce: bankin BCEAO ya sha nanata cewa tana ci.

Kada a goge tsohon kuɗi da toka ko lemun tsami; mai saye yana gane gogaggen kuɗi nan take.