Me Ya Sa Magagari Ba Ya Cin Zarton Inji Na Zamani?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, kafinta, wanda ya ce a da mahaifinsa da magagari yake wasa zartonsa, amma shi yanzu ya gwada magagari a kan faifan zarton injinsa, sai magagarin ne ya lalace, haƙoran zarto ko gezau. Yana son a ba shi tarihin abin, kuma wai ko dole ne sai ya kai wa masu washi ya biya kuɗi?

To malam, amsar tambayarka tana cikin tarihin shi zarton kansa. Fiye da shekara 4,000 da suka wuce mutanen Masar suna da zarto, amma na jan ƙarfe ne. Da yake jan ƙarfe yana da laushi, sai suka yi haƙoransa yadda zai yi yanka idan an jawo shi, ba idan an tura ba, don kada ya lanƙwashe. A zamanin Rumawa an riga an koma zarton baƙin ƙarfe, kuma suna karkata haƙori ɗaya dama, ɗaya hagu, domin tsagar ta fi kaurin zarton faɗi, kada katako ya riƙe shi. Wannan dabara har gobe ana yin ta a zarton hannu.

Shi kuwa zarto mai kewaya kamar faifai, ana yawan ambaton wani Bature mai suna Samuel Miller na garin Southampton a Ingila, wanda a 1777 ya yi rajistar wani injin yankan katako mai irin wannan faifai. Da masana'antun katako suka yawaita a Turai da Amurka, sai washin zarto ya zama sana'a mai zaman kanta. A Ingila har laƙabin "likitan zarto" ake yi wa mai wannan aiki, domin ban da washi, shi ne mai daidaita haƙora, shi ne mai miƙe faifan da guduma idan zafi ya karkata shi. A 1909 wani Bajamushe, Heinrich Vollmer, ya kafa kamfanin ƙera injunan gyaran haƙoran zarto. Duk wannan lokaci zarto ƙarfe ne zalla, saboda haka magagari yana cinsa.

Abin ya canza ne a Jamus. Kamfanin Osram mai yin ƙwan lantarki yana neman abu mai tauri da zai riƙa jan siririyar wayar cikin ƙwai, maimakon lu'ulu'u mai tsada. A 1923 wani ma'aikacinsu, Karl Schröter, ya haɗa garin wani sinadari da ake kira kabaid na tangistin da wani ƙarfe, aka gasa su suka dunƙule. Kada ka ɗauka kabaid ɗin da ake nuna ayaba da shi ne, ko na masu walda, suna ne kawai ya zo ɗaya. Kamfanin Krupp ya karɓi fasahar ya sa mata suna Widia, daga kalmomin Jamusanci masu nufin "kamar lu'ulu'u". Daga baya aka shiga manna ƙananan gutsattsarinsa a bakin haƙoran zarto. In ka duba faifanka da kyau za ka ga kowane haƙori yana da ɗan kai da aka liƙa masa. To wannan ɗan kai ya fi magagarinka tauri nesa ba kusa ba, shi ya sa magagarin ya sha kashi.

Abin da ke cinsa sosai shi ne dutsen washi mai garin lu'ulu'u. Wannan ma ya samu a wadace ne bayan da kamfanin General Electric na Amurka ya yi nasarar haɗa lu'ulu'u a ɗakin bincike a ƙarshen 1954, ya ba da sanarwa a 1955.

Yanzu sai batun aljihunka. Faifai mai inci 10 yakan zo da haƙora 24 zuwa 80, kuma yana juyawa wajen sau 3,000 zuwa 4,000 a minti ɗaya. Dole tsawon haƙoran da karkatarsu su zo daidai. In ɗaya ya fi sauran tsawo, shi kaɗai zai riƙa dukan katako har ya ɓalle. Hannu da ido ba sa iya wannan awo, sai inji. Ban da haka ƙurar kabaid tana da illa ga huhu, shi ya sa ƙwararru ke washinsa ana zuba ruwa.

Kafin ka kai washi, fara wanke faifan, domin sau da yawa ƙaron itace ne ya daskare a haƙora, ba dakushewa ba ce. In ka wanke amma har yanzu katako yana ƙonewa, yana hayaƙi, ko sai ka tura da ƙarfi, to ya dakushe. Kada ka yi ta fama da shi. Dakusasshen zarto yana wahalar da inji, kuma yana iya cillo katako baya, hannu ya zame ya faɗa kan haƙora. Kuɗin washi bai kai yatsa ba.

Faifai mai kyau ana iya wasa shi sau da dama, har a sake manna haƙorin da ya ɓalle. Amma wanda ya tsage, jefar da shi. Na arha kuma, gwada kuɗin washi da na sabo tukuna. In ka je wurin mai washi, tambaye shi ko dutsensa na lu'ulu'u ne. Magagarin baba kuwa adana shi, yana nan da amfaninsa a zarton hannu irin na da.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai kuma mako mai zuwa.