Kwalba da Ƙuri'a: Nazarin Alaƙar Ra'ayin Siyasa da Zaɓin Barasa a Ingila da Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin iƙirarin da ya yaɗu a ƙasashen Yamma, cewa ana iya gane jam'iyyar mutum daga irin barasar da yake sha. An bi diddigin lamarin a Ingila da Amurka tun daga ƙarshen ƙarni na 17 zuwa yau, ta hanyar auna bayanan tarihi da sakamakon binciken masana tattalin arziki da zamantakewa. Maƙalar ta gano cewa alaƙar tana nan, amma ba ta da tushe a cikin abin shan kansa. Haraji da addini da matsayi a al'umma da yankin da mutum ya taso su ne ke ƙulla ta, daga baya jam'iyyu da 'yan kasuwa su ɗaure ta tamau. Saboda haka take sauyawa daga zamani zuwa zamani.

Muhimman kalmomi: barasa, ra'ayin siyasa, haraji, addini, Ingila, Amurka.

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a Amurka, jaridu kan cika da rahotannin da ke raba masu jefa ƙuri'a gida biyu bisa abin da suke sha. A zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Democrat a 2008, alal misali, 'yan jarida sun riƙa kwatanta magoya bayan Barack Obama da masu shan giyar inabi, wato masu digiri da rufin asiri, su kuma na Hillary Clinton da masu shan giyar sha'ir, wato leburorin masana'antu. Irin wannan magana tana da daɗin ji, amma tana buƙatar a ɗora ta a kan sikeli.

Manufar wannan bincike ba ta shafi halacci ko haramcin barasa ba; hukuncinta a Musulunci sananne ne, illarta ga lafiya ma haka. Abin da ake son ganowa shi ne yadda abin masarufi ke zama tutar ɓangaren siyasa. Tambayoyi biyu ne a gaba: shin alaƙar gaskiya ce, kuma idan gaskiya ce, mene ne ke haifar da ita?

2.0 Ra'in Bincike da Dabarunsa

An ɗora binciken a kan tunanin masana biyu. Pierre Bourdieu, a littafinsa La Distinction na 1979, ya nuna cewa ɗanɗanon mutum a abinci da sutura da abin sha tarbiyya ce da yake gada daga gidansu da makarantarsa, kuma da ita mutane ke bambanta kansu da na ƙasa da su. Joseph Gusfield kuma, a Symbolic Crusade na 1963, ya bayyana gwagwarmayar hana shan barasa a Amurka a matsayin takarar martaba tsakanin al'ummomi: wa ke da ikon cewa tsarin rayuwarsa shi ne na ƙasa baki ɗaya?

Dabarar da aka bi ita ce kwatanci. An zaɓi lokutan da wani nau'in barasa ya zama alamar jam'iyya a fili, sannan aka duba ko alamar ta dawwama ko ta sauya hannu. Idan da ɗabi'ar mai ra'ayin riƙau ce ke kai shi ga wani abin sha, da alamar ta tsaya wuri ɗaya.

3.0 Ingila: Haraji da Coci

A ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18, 'yan jam'iyyar Tory sun shahara da shan jar giyar inabi ta Faransa, 'yan Whig kuma suna kambama ta Fotugal. Charles Ludington ya yi cikakken bayanin wannan a littafinsa The Politics of Wine in Britain na 2013. Asalin rabuwar manufar harkokin waje ce. Whig na kallon Faransa ta Sarki Louis na 14 a matsayin abokiyar gaba, don haka suka goyi bayan tsawwala wa kayanta kuɗin fito. Yarjejeniyar Methuen ta 1703 ta tanadi cewa harajin giyar Fotugal zai yi ƙasa da na Faransa da kashi ɗaya bisa uku, ita kuma Fotugal ta buɗe kasuwarta ga yadin ulu na Ingila. Da gwamnatin Tory ta nemi ƙulla yarjejeniyar ciniki da Faransa a 1713, majalisar wakilai ta yi fatali da ita.

Sai dai alamar ba ta daɗe a hannun Whig ba. Kafin ƙarnin ya ƙare, giyar Fotugal ta zama abin shan manyan ƙasa ba tare da bambancin jam'iyya ba, har William Pitt ƙarami, wanda 'yan Tory suka ɗauka jigonsu, ya yi suna wajen shanta. A 1860 kuwa, William Gladstone, wanda daga baya ya jagoranci jam'iyyar Liberal magajiyar Whig, shi ne ya sassauta harajin giyar Faransa. Cikin shekara 150, kwalaben biyu sun yi musayar gida.

A ƙarni na 19 taƙaddamar ta koma kan gidajen giya. Mabiya cocin da ba na gwamnati ba, irin su Methodist da Baptist, su ne ƙashin bayan jam'iyyar Liberal, su ne kuma kan gaba a yaƙi da shaye-shaye. Dokar lasisi da gwamnatin Liberal ta kafa a 1872 ta taƙaita lokutan buɗe mashaya, abin da ya fusata masu su da masu kamfanonin giya. Da Liberal ta sha kaye a hannun Benjamin Disraeli a 1874, Gladstone ya ɗora wani ɓangare na laifin a kan masu sana'ar barasa. Masana tarihi sun saɓa kan girman tasirinsu a wannan zaɓe, amma babu jayayya cewa daga nan manyan masu kamfanonin giya suka karkata ga jam'iyyar Conservative.

4.0 Amurka: Matsayi da Asali

Zaɓen shugaban ƙasa na 1840 ya nuna yadda ake ƙera irin wannan alama da gangan. Magoya bayan William Henry Harrison sun riƙa jan bukkokin gungume a kan keken doki suna zaga garuruwa, suna buɗe gangunan giyar tuffa ga duk wanda ya halarci gangami, don nuna cewa ɗan takararsu talaka ne ɗan ƙauye. Abokin hamayyarsa, Shugaba Martin Van Buren, aka zana shi a matsayin ɗan gayu mai shan shamfen a fadar gwamnati. Alhali Harrison ɗan attajiran Virginia ne masu manyan gonaki, mahaifinsa na cikin waɗanda suka rattaba hannu a takardar 'yancin kai. Van Buren kuwa ɗan mai masauki da mashaya ne a ƙauyen Kinderhook. Harrison ya lashe ƙuri'un wakilai 234, Van Buren ya tashi da 60.

Bayan haka, baƙin haure daga Jamus da Ayilan, da yawansu 'yan Katolika, suka cika biranen arewa. Mashaya ta zama musu dandalin neman aiki da tattara ƙuri'a, mafi yawa ga Democrat. 'Yan Furotesta na karkara suka kafa ƙungiyoyi, ciki har da Anti-Saloon League a 1893, har suka kai ga gyaran tsarin mulki na 18, wanda ya haramta sarrafawa da sayar da barasa daga Janairun 1920. A zaɓen 1928, Democrat ta tsayar da Al Smith, ɗan Katolika mai adawa da haramcin. Jihohi biyar na Kudu da suka saba bin jam'iyyar, wato Texas da Florida da Virginia da Tennessee da North Carolina, suka juya masa baya suka zaɓi Herbert Hoover. A nan addini ya rinjayi jam'iyya. An soke haramcin a Disambar 1933, zamanin Franklin Roosevelt.

Ƙaurace wa kamfani ma ya bi ta ɓangarorin biyu. Daga 1977 zuwa 1987 ƙungiyoyin ƙwadago sun ƙaurace wa giyar Coors, wadda wani daga cikin masu ita, Joseph Coors, ya ba da kuɗin kafa cibiyar masu ra'ayin riƙau ta Heritage Foundation a 1973. A 2023 kuma masu ra'ayin riƙau ne suka ƙaurace wa Bud Light saboda tallar da ta yi da wani tauraron intanet da ya sauya jinsi, har giyar Modelo Especial, 'yar asalin Meziko, ta ƙwace mata matsayi na ɗaya a shagunan ƙasar. Duk giyar sha'ir ce, ɗanɗanonta bai canza ba.

5.0 Abin da Alƙaluma Suka Nuna

A 2013, Pavel Yakovlev da Walter Guessford na Jami'ar Duquesne sun wallafa bincike a mujallar Journal of Wine Economics, inda suka yi amfani da bayanan jihohin Amurka daga 1952 zuwa 2010. Sun gano cewa idan jiha ta ƙara karkata ga sassaucin ra'ayi, shan giyar sha'ir da barasa mai ƙarfi kan ƙaru, na giyar inabi kuma yana iya raguwa. Wannan ya saɓa wa hoton da jaridu ke zanawa. Amma akwai buƙatar taka tsantsan. Tun 1950 W. S. Robinson ya yi gargaɗin cewa abin da ya tabbata ga yanki ba lallai ya tabbata ga ɗaiɗaikun mazaunansa ba. Alƙaluman jiha suna nuna abin da aka sayar a cikinta, ba su nuna wanda ya sha ko wanda ya zaɓa ba. Gundumar Moore ta Tennessee misali ce: can ne ake sarrafa wiskin Jack Daniel's, amma tana cikin gundumomin da doka ta taƙaita sayar da barasa.

Ƙididdigar jin ra'ayi ta Gallup, wadda ke tambayar mutane kai tsaye, ta daɗe tana nuna cewa mata da masu digiri sun fi karkata ga giyar inabi, maza ga ta sha'ir, masu yawan zuwa coci kuma sun fi kowa ƙaurace wa sha. Waɗannan rukunoni su ne jam'iyyun biyu suka raba tsakaninsu a 'yan shekarun nan: masu digiri da mata sun rinjaya ga Democrat, masu riƙo da coci ga Republican. A 2025 Gallup ta samu cewa kashi 54 cikin 100 ne kawai na manyan Amurkawa ke cewa suna sha, adadi mafi ƙanƙanta tun da ta fara wannan tambaya, kuma raguwar ta fi tsanani a tsakanin 'yan Republican.

6.0 Sakamakon Bincike

Abu na farko, alaƙar tana nan, amma ta aro ce. Idan aka cire tasirin jinsi da ilimi da addini da yanki, abin da ya rage kaɗan ne.

Na biyu, ɗan bambancin da ya rage yakan girma ta hanyar cuɗanya. Daniel DellaPosta da Yongren Shi da Michael Macy sun nuna haka a mujallar American Journal of Sociology a 2015: mutane kan yi abota da masu kama da su, sannan su kwaikwayi juna, har zaɓin da ba shi da wata nasaba da siyasa ya taru a ɓangare ɗaya. Bahaushe ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Na uku, da zarar alamar ta kafu, masu neman ƙuri'a da masu neman riba kan ci moriyarta. Kamfanonin tallan siyasa na sayen bayanan abin da mutane ke saye don sanin inda za su kai saƙonsu, kamfanonin barasa kuma na zaɓar ɓangaren da za su faranta wa.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta tabbatar da cewa babu wani nau'in barasa da ya keɓanta da wata aƙidar siyasa. Yarjejeniyar ciniki da coci da aji ne ke raba kwalaben, kuma rabon yakan sauya. Abin damuwa shi ne ɓarnar da wannan wasan alamomi ke yi ta fuska biyu. Yana mayar da abin masarufi shingen da ke hana 'yan ƙasa ɗaya zama tare, yana kuma kawar da hankali daga tambayar da ta fi muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutane miliyan 2.6 a 2019, kuma cutar hanta ba ta tambayar katin jam'iyya. Ana shawartar masu bincike na gaba da su dogara da bayanan da ke bin mutum ɗaya tsawon shekaru, don a ga ko sauyin ra'ayi ne ke riga sauyin abin sha, su kuma ba da ƙarfi wajen gano yadda kuɗin kamfanonin barasa ke tasiri a kan dokokin haraji da na talla, domin a nan ne siyasa ke shafar lafiyar jama'a kai tsaye.