NumPy: Tarihin Rumbun Lissafi na Python

NumPy rumbun manhaja ne da masu aiki da harshen kwamfuta na Python ke amfani da shi wajen sarrafa lambobi masu ɗimbin yawa a lokaci guda. Kyauta ake bayar da shi ƙarƙashin lasisin BSD, kowa na da damar karanta shi ko gyara shi. Majiyoyi sun saɓa kan shekarar da ya fara: wasu na cewa 1995, wasu 2005, wasu kuma 2006. Saɓanin ya samo asali ne daga yadda tun cikin shekarun 1990 mutane ke kiran magabacinsa, Numeric, da wannan suna a taƙaice. Wannan maƙala ta ɗauki 1995 a matsayin mafarin zuriyar, 2006 kuma a matsayin shekarar da rumbun da ake amfani da shi yau ya tsaya da ƙafafunsa.

Ginshiƙinsa shi ne ndarray, wato jerin lambobi iri ɗaya da aka shimfiɗa kusa da juna a ƙwaƙwalwar kwamfuta, tare da bayanin siffarsu da tazarar da ke tsakaninsu. Python shi kaɗai yana bin lambobi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga gero ƙwaya-ƙwaya, NumPy kuwa da tiya yake awo: yana miƙa aikin gaba ɗaya ga umarnin da aka rubuta da harshen C da tsoffin rumbunan BLAS da LAPACK. Kundin ruwan sama na CHIRPS, wanda ya faro daga 1981 ya kuma raba ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 5, misali ne mai kyau. Idan aka yanko yankin Tsarnawa, daga Birnin Konni zuwa Malbaza da Illela, za a sami jeri mai fuska uku: rana, kudu da arewa, gabas da yamma. Layi ɗaya na umarni ya isa ya fitar da matsakaicin ruwan kowane gida na tsawon damina arba'in.

A 1995 aka kafa wani rukunin masu sha'awar lissafi da Python, ciki har da mai harshen kansa, Guido van Rossum. Jim Fulton ya yi gwajin farko na rumbun sarrafa jerin lambobi, sai Jim Hugunin, ɗalibi a MIT, ya faɗaɗa shi ya zama Numeric, da taimakon su Konrad Hinsen da David Ascher. Da Hugunin ya koma kan wani aiki a 1997, Paul Dubois na cibiyar bincike ta Lawrence Livermore ya karɓi ragamar.

Shekarun da suka fi cancantar a tsaya a kansu su ne daga 2001 zuwa 2006, domin a nan ne al'ummar masu lissafi da Python ta kusa tarwatsewa. Masana taurari na cibiyar Space Telescope Science Institute da ke Baltimore, masu kula da hotunan madubin Hubble, sun ga Numeric bai biya musu buƙata ba. Hotunansu manya ne ƙwarai, suna son karanta fayil daga faifai ba tare da loda shi duka ba, suna kuma son jeri mai ɗauke da bayanai iri-iri a sahu guda. Ga shi kuma an so a shigar da Numeric cikin Python kansa, van Rossum bai amince ba saboda wahalar kula da shi a yadda yake. Sai Perry Greenfield da Todd Miller da Rick White suka rubuta sabo, numarray. Ya fi Numeric sauri a kan manyan jeri, amma ya fi shi nawa a kan ƙanana, don haka babu wanda ya kayar da wani. Rumbun SciPy, wanda Travis Oliphant da Eric Jones da Pearu Peterson suka haɗa a 2001, ya tsaya kan Numeric. Masana taurari suka bi numarray. John Hunter, mai Matplotlib, sai da ya gina wani mataki na musamman domin manhajarsa ta zane ta yi aiki da kowanne. Mai bincike da ya ɗauko kayan aiki biyu daga ɓangarorin nan yakan ɓata lokaci yana juya lambobinsa daga wannan tsari zuwa wancan.

Oliphant, wanda a lokacin malami ne a Jami'ar Brigham Young da ke jihar Utah a Amurka, shi ya ɗinke ɓarakar. A 2005 ya ɗauki tushen Numeric ya sake gina shi, ya shigar da abubuwan da suka sa aka ƙirƙiro numarray. Da farko an ɗauki sabon rumbun a matsayin cibiyar SciPy, kafin a raba shi a ba shi sunan kansa a farkon 2006. Fitowar ƙarshe ta Numeric, 24.2, ta zo a Nuwamba 2005, ta numarray, 1.5.2, a Agusta 2006, sannan NumPy 1.0 a Oktoba 2006. Gina NumPy aiki ne da jami'o'i ba sa lissafawa wajen ƙarin girma, kuma a 2007 Oliphant ya bar koyarwa ya koma kamfanin Enthought. Abin da ya sa aikinsa ya karɓu shi ne bai tilasta wa kowane ɓangare zubar da tsohuwar manhajarsa ba, domin an tanadi hanyoyin sauƙaƙa ƙaura daga Numeric da numarray duka.

Daga nan labarin na bunƙasa ne. An fara tallafa wa Python 3 a 2010, aka bar Python 2 a 2019. Rumbunan Pandas da scikit-learn sun ginu a kansa, kuma an yi amfani da shi wajen nazarin bayanan cibiyar binciken LIGO da haɗa hoton baƙin ramin sararin samaniya na farko da aka nuna a 2019. Abin da ya kamata ya dami mai karatu shi ne sama da shekara goma 'yan sa-kai ƙalilan ne ke riƙe da shi, sai a 2017 babban tallafi na farko ya zo daga gidauniyoyin Moore da Sloan ta hannun Jami'ar Kalifoniya a Berkeley. Mujallar Nature ta buga cikakken bayani a kansa a Satumba 2020. NumPy 2.0 ya fito a Yuni 2024, babban sauyi na farko tun 2006, wanda ya sa dole aka sake harhaɗa manhajojin da ke jingine da shi a matakin C.